A Gyara Amfilifayarmu, Kada a Yar da Ita

Ran Laraba da ta wuce ƙungiyarmu ta kiɗa ta yi taro, aka yi ta gardama har aka buga ƙararrawar abinci ba a gama ba. Abin da ya kawo gardamar kuwa shi ne amfilifayar jita, watau baƙin akwatin nan mai ƙara sauti da mu ke ɗauka zuwa babban zaure. Masu kaɗa jita sun ce muryarta a bushe ta ke, in kuwa an murɗa ta har ƙarshe sai ta yi ta ƙara kamar ana kartar kwano da cokali. Suka ce laifin tiransisto ne, a kwashe kuɗin da mu ka tara cikin shekara biyu a sayo mai bawul, ko da tsohuwa ce. Kuɗin nan fa da ma an tara su ne domin fatun ganguna da makirfo na biyu. Minti uku aka ba ni a taron, ban ko kai rabin maganata ba, shi ya sa na kawo ta nan.

Ban ce 'yan'uwana ƙarya su ke yi ba. Kunnensu ya ji daidai, dalilin ne su ka kuskure. Sautin jita ya kan shiga amfilifaya kamar igiyar ruwa, ya hau, ya sauka. Kowace amfilifaya tana da iyakar da ba ta iya wucewa. Mai bawul, watau 'yan kwalaben nan da ke yin ja kamar garwashi, in sauti ya kusa iyakarta sai ta riƙa danne shi sannu sannu, kamar mai awo da ya bar mudu ya yi tozo. Mai tiransisto irin tamu ta kan bi sautin sak har ya kai iyaka, sa'an nan ta datse kansa farat ɗaya, kamar an shafe bakin mudu da sanda. Wannan datsewa ita ce ƙarar da ke damun kunne. Ashe ke nan abin tambaya shi ne yadda a ke datse sautin, da wurin da a ke datse shi, wannan kuwa mutum na iya shirya shi da hannunsa.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, yawancin gurnanin jita da abokan nan nawa su ke so su kwaikwaya, akwai hannun tiransisto a ciki. An ƙago tiransisto a Amurka cikin Disamba 1947. A 1961 aka fitar da wani faifan Marty Robbins wanda aka ɗauka a birnin Nashbil. Wani sashe na injin ɗaukar murya ya lalace ana cikin aiki, jitar Grady Martin ta fito da kaushi, aka bar ta haka, mutane kuwa su ka so abin. Injiniyan da ya ɗauki faifan, Glenn Snoddy, ya nemi hanyar maimaita wannan kaushi da gangan, a 1962 kamfanin Gibson ya fara sayar da ɗan akwatin da ya fito daga aikinsa, Maestro Fuzz-Tone, mai tiransisto 3 a ciki. Bai yi kasuwa sosai ba sai 1965, sa'ad da Keith Richards na Rolling Stones ya yi kiɗa da shi. A 1966 aka yi Fuzz Face a Landan, tiransisto 2 kaɗai ke cikinsa, shi ne kuwa Jimi Hendrix ya kan taka da ƙafa. Gaskiya ne manyan amfilifayoyin Hendrix masu bawul ne, ban ɓoye wannan ba. Amma 'yan ƙwayoyin nan biyu da ba su kai wake girma ba su ne su ka fara murƙushe sautin kafin ya isa can.

Mu ma fa ba baƙi ba ne ga irin wannan amo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai garaya ya ga ɗan ƙarfen nan mai zobba da a ke sa mata don ta riƙa ziza. Mai garaya bai taɓa cewa wannan aibu ne ba.

To, ga abin da na ke roƙo a yi. Kada a taɓa sashen ƙarshe na amfilifayar, wanda ke tura lasifika. A bar shi ya yi aikinsa garau. A sa ɗan ƙaramin haɗi tun daga farko, tsakanin ramin da a ke cusa wayar jita da mamurɗin ƙara: tiransisto ɗaya ko biyu su ɗaga sautin, sa'an nan dayod su datse kansa tun yana ƙarami. Dayod na silikon ya kan fara buɗewa wajen bolt 0.6, na jameniyam wajen bolt 0.3, ɗan jan ƙwan nan mai haske kuwa sai ya kusa bolt 2, don haka kowannensu da irin muryarsa.

Akwai wata dabara a nan wadda ta fi burge ni. Tsirkiya ta biyar ta jita, in ba a danne ta ba, ta kan kaɗa sau 110 a daƙiƙa. In aka datse sama da ƙasa daidai wa daida, sai a sami ƙarin amo na 330, da 550, da 770, waɗannan na sama su ne masu kaifi. In kuwa aka sa dayod biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, datsewar ba ta zama daidai ba, sai 220 da 440 su shigo. Su kuwa muryar tsirkiyar ce da kanta aka ɗaga sama, kamar yaro da babba suna rera waƙa ɗaya, shi ya sa kunne ke karɓarsu da daɗi. Haka kamfanin Boss na Japan ya yi cikin akwatinsa OD-1 a 1977. Sai kuma 'yar kwandansa a gefen dayod ɗin, ta shanye tsinin sautin. A kuma rage kauri kafin a datse, in ba haka ba tsirkiyoyin ƙasa sai su cakuɗe su zama laka. Tube Screamer na Ibanez, wanda ya fito wajen ƙarshen shekarun 1970, ya kan fara rage abin da ke ƙasa da 720. Na yi tambaya wurin masu gyaran rediyo a kasuwa, kuɗin kayan nan duka bai kai na sababbin tsirkiyoyi shida ba.

Wani zai ce, in haka ne a nemo jameniyam irin na zamanin Hendrix. Ni ban yarda ba, gama na gwada. Na ciro biyu daga wata matacciyar rediyo na haɗa a kan ɗan allo. Da sassafe cikin hunturu muryarsa kamar zuma. Da Maris ya zo, rana ta take, sai ya riƙa shaƙewa yana tari, wani lokaci ya yi shiru ɗungum. Jameniyam yana da yoyon lantarki, yoyon nan kuma ya kan kusan ninka biyu duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10. Zaurenmu rufin kwano gare shi. Silikon za mu sa.

Yanzu sai in zo kan abin da aka gorantar mini a taron, tun da an faɗa gaban jama'a. I, ni ne na ƙone amfilifayar bara. An rubuta a bayanta kada a ba ta abin da ya gaza om 4. Ni kuwa garin neman ƙara na jona mata lasifika biyu masu om 4 kafaɗa da kafaɗa, su ka koma om 2, ta ja lantarki fiye da ƙarfinta, tiransiston ƙarshe su ka ƙone muna tsakiyar waƙa. Na biya kuɗin gyara daga aljihuna, na kwana biyu ina jin kunyar shiga ɗakin cin abinci. Wanda ya ce kada a bar ni ni kaɗai da akwatin nan yana da hujja, ban kuwa nemi a bar ni ba. Lantarkin bango bolt 230 ne, manyan kwandansa na ciki kuma su kan riƙe wuta bayan an zare waya. Malaminmu na kimiyya ya yarda zai tsaya a kaina, da abin awonsa, ran da za a buɗe ta.

Har wa yau ban ce a buɗe ta yanzu ba. A fara haɗa abin cikin gwangwani, da batir mai bolt 9, a jona shi ta waje, inda ba abin da zai lalata. In ya yi, sa'an nan a liƙa shi ciki da dalma, a sa masa makunni, don masu waƙar taushi su sami tsohuwar muryarta in suna so. Masu son bawul kuma su tuna ita ma ba ta rasa nata: nauyi gare ta, kwalabenta su kan gaji a sake su, ga bolt ɗari uku ko huɗu a cikinta, mu kuwa a bayan a-kori-kura mu ke ɗaukar kayanmu in an gayyace mu.

Ina roƙon ma'aji ya riƙe kuɗin nan mako uku. Ran Asabar ta uku a rataya labule a zaure, ɗaya daga masu jita ya zauna bayansa ya kaɗa abu guda sau huɗu, wani da gwangwanin, wani ba shi, ba tare da an faɗa wa kowa ba. Bayan an saurara sai a ɗaga hannu. In sun ce har yanzu kartar kwano su ke ji, ni zan fara sa hannu a takardar fitar da kuɗin.