Masar Wane Gari Ta Fi?

A wannan wata filin namu zai leƙa madafa, domin akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburan masu shayi na bakin tashar Agbalépédo: shin masar wane gari ce ta fi? Kada wani ya ce maganar ba ta kai ta kawo ba. Mutanen Amurka ma har gobe suna ja-in-ja a kan wata gurasa tasu mai cuku da tumatir, wai ita fiza. Na Cikago suna gasa tasu a kasko mai zurfi, cuku a ƙasa, tumatir a sama, salon da gidan abincin Pizzeria Uno ya fara sayarwa a 1943. Na Niyu Yok kuwa sun ce fiza sai mai faɗi marar kauri. To mu ma muna da namu abincin na kasko mai zurfi, kuma da yake harkar kasuwa da ziyarar dangi sun kai mu Akra da Sokode da Kano da Bauci, sai muka yi ta ɗanɗanawa muna kwatantawa.

Ƙa'idarmu guda ce a ko'ina. Ta farko gayanta ake ci, ba miya ba yaji, don miya mai daɗi tana rufa wa mugunyar masa asiri. Sannan a raba ta biyu a dubi cikin.

A Nima ta Akra masar gero muka samu, ta sha mai, ta sha sukari, ana haɗa ta da koko da sassafe. Tana da daɗi, amma ta fi kusa da kayan kwaɗayi. Ta Didawure a Sokode ta fi ta tsami da riƙe ciki, irin wadda direba zai ci ya kai Dapaong bai nemi komai ba. A Kano, inda suka fi kiranta waina, ta shinkafa ce fara tas, sai dai a gaskiya miyar taushe ce ke ɗauke da rabin aikin, da kabewarta da gyaɗarta da ɗan tsamin yakuwa.

Bauci ce ta tsayar da mu. Da ma sunan masarta ya riga mu isa, kuma ba banza ba. Gefenta ya soyu yana ƙamas-ƙamas, tsakiyarta ta kumbura, in ka tsaga sai ka ga ramuka kamar saƙar zuma, babu ɗanyen ƙullu ko kaɗan, in ka matsa ta kuma sai ta dawo yadda take. Muka tambayi wata dattijuwa mai suya ko akwai abin da suke zubawa wanda saura ba su sani ba. Ta yi dariya ta nuna mana tukunyar ƙullu da tandar ƙasa wadda ta yi baƙi ƙirin don daɗewa. Shinkafar tuwo ce, a jiƙa ta, a niƙa tare da 'yar dafaffiya, a bar ƙullun ya kwana ya tashi da kansa, da safe a kashe kaifin tsamin da ruwan kanwa. Ita kuwa tandar ƙasa ba ta gaggawa. A hankali take ɗaukar zafi kuma ta riƙe shi, shi ya sa cikin ke nuna kafin bayan ya ƙone, kuma ba ta shan mai da yawa.

Yanzu sai mu dawo gida, kuma iyayenmu mata su yi mana aikin gafara. Masar Lome ta ja baya. Waɗanda suka yi wayo a tsohon Zango, kafin hukuma ta rushe shi a 1977 jama'a su koma Togblékopé, suna cewa a da guda uku sun ishi ƙato karin kumallo. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, shinkafar waje da mai da sukari suka yi tsada, mai saye kuma ya ƙi ƙara ko dala. Me mai suya za ta yi? Sai ta rage girma, ta cika yis don ƙullu ya tashi cikin sa'a biyu, ta koma tandar ƙarfe mai saurin zafi wadda ba ta fashewa. Sakamakon shi ne abin da muke gani a tire: waje ya yi ja, ciki bai nuna ba, mai yana ɗiga. Ba mamaki yaranmu na lakwal sun fi son burodi da mayonez, kuma duk yaron da ya koma burodi, wata uwa ce ta rasa ciniki.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai tsofaffi a Agbalépédo da Agoè-Zongo da har yanzu ƙullunsu ke kwana, kuma tasu ta fi ta Nima da ta Sokode, a bakinmu dai. Amma da hantsi ta ƙare, sai wanda ya yi sammako.

Saboda haka ga jerinmu: Bauci ta ɗaya, Kano ta biyu albarkacin miya, tsofaffinmu na nan na uku. Muna roƙon fatakenmu masu sauko da albasa da shanu daga arewa su riƙa saƙala tandar ƙasa ko biyu cikin kaya, masu suya kuma su jarraba shinkafar Kovié da ake nomawa a kwarin Zio, nan kusa da mu. Mu masu ci kuwa, in an ƙara mana dala a kan masar da ta kwana, mu biya ba ƙorafi. Wanda bai yarda da jerin nan ba ya aiko da wasiƙa, za mu buga. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa wajen masu tsire.