Kwaɗo, Marowaci da Bahon Wanki

Jarrabawar zangon farko ta wuce, hunturu ya kankama, leɓɓa sun fara tsagewa, hutu kuma ya samu. A daidai wannan lokaci, can Amurka da Ingila, gidajen talabijin kan kakkaɓe wasu tsofaffin finafinai su sake haska su saboda bikin Kirsimeti, kuma cikin waɗanda aka fi ɗoki akwai na wasu 'yan tsana da ake kira Muppets. Duk shekara sai masoyansu sun tayar da gardama kan wanne ya fi. Mu ma a makon nan mun zauna mun sake kallonsu ɗaya bayan ɗaya, don mu tsoma baki.

Ga wanda bai san su ba, wani Ba'amurke ne mai suna Jim Henson, wanda aka haifa a 1936, ya ƙirƙiro su. Babban tauraronsu, wani kwaɗo kore mai suna Kermit, ya fara bayyana a talabijin a 1955. Da tsohon kwat ɗin mahaifiyarsa Henson ya ɗinka shi, ya raba ƙwallon tebur gida biyu ya yi masa idanu. Mai sarrafa 'yar tsanar kan tsaya a ƙasa inda kyamara ba ta ganinsa, ya ɗaga hannu sama da kansa ya zura cikin kanta yana motsa baki, ɗaya hannun kuma yana juya hannayenta da 'yan sanduna sirara, idonsa na kan ƙaramin allon talabijin yana duba abin da mai kallo zai gani. Ku gwada ɗaga hannu haka na minti biyar kawai, za ku san aikin ba wasa ba ne. Waɗanda suka taɓa kallon Sesame Square, shirin da aka fara nunawa a NTA a 2011, sun san Zobi mai son doya da ƙawarsa Kami. To, dangi ɗaya ne.

Bari mu fara da masu sauƙi. A 1979 mawaƙi John Denver ya yi faifai da shirin talabijin tare da su mai suna A Christmas Together. Har yau akwai gidajen da ba sa jin biki ya zo sai sun kunna shi, musamman waƙar The Twelve Days of Christmas, inda Miss Piggy, 'yar aladen nan mai ji da kanta, ke jan nata baitin kamar ita kaɗai aka zo saurare. Yana da daɗi, amma ba shi da labarin da zai bi mutum har makwanci.

Sai A Muppet Family Christmas na 1987, wanda da yawa ke cewa shi ne sarki. Fozzie ne ya kwaso abokansa gaba ɗaya ya kai su gidan gonar mahaifiyarsa ba tare da sanarwa ba, alhali tsohuwar ta riga ta ba da gidan haya tana shirin tafiya hutu bakin teku. Kafin a ankara 'yan Sesame Street sun iso, ga 'yan Fraggle Rock a ƙarƙashin gida, ga kuku yana kallon Big Bird yana lissafin yadda zai shiga tukunya, ga kowane baƙo sai santsin ƙanƙarar bakin ƙofa ya kayar da shi. Duk wanda aka taɓa cika gidansu da baƙi ranar biki, har aka kore shi daga katifarsa ya koma tabarma, zai gane kansa a ciki. A ƙarshe Henson da kansa ya leƙo daga kicin, ya dubi taron, ya koma wanke kwanuka. Shekara uku bayan haka ya rasu, shi ya sa wannan ɗan leƙe ke taɓa masoya fiye da yadda aka nufa.

Amma mu inda hankalinmu ya fi tsayawa daban ne.

A 1977 Henson ya yi wani shiri da bai kai awa guda ba, Emmet Otter's Jug-Band Christmas, daga littafin yara na Russell Hoban. Emmet ɗan karen ruwa ne, mahaifinsa ya rasu ya bar masa akwatin kayan aiki. Uwarsa wankau take yi wa masu hali, wasu ma su karɓi kaya su hana ta kuɗinta. Biki ya matso, ba ko sisi. Sai aka sanar da gasar waƙa, kyautar dala 50. Uwar tana so ta ci ta saya wa ɗanta gita, ɗan yana so ya ci ya biya kafin alƙalamin fiyano ga uwarsa, kuma kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa. Don ta samu yadin ɗinka rigar shiga gasa, sai ta rabu da akwatin kayan aikinsa. Shi kuma don ya samu abin kiɗa, sai ya huda bahon wankinta ya ɗaura masa tsirkiya. Wato kowanne ya lalata hanyar cin abincin ɗayan saboda ƙauna.

Nan ne ake jiran a ce ɗayansu ya ci gasa, kowa ya yi tafi. Ina! Dukansu biyu suka faɗi. Wasu 'yan iskan gari masu kayan kiɗan lantarki da ƙara kamar tsawa ne suka kwashe kuɗin. Uwa da ɗa suka kamo hanyar gida a kan kogin da ya daskare, ba baho, ba kayan aiki, ba kyauta. A hanyar ne suka haɗa waƙoƙinsu biyu suka zama ɗaya, wani mai gidan abinci ya ji, ya ɗauke su aikin waƙa. Kun ga, ba dukiya suka samu ba, aiki suka samu. Mun fi yarda da wannan ƙarshe fiye da na finafinan da talaka ke wayar gari ya tsinci jakar kuɗi.

Shekara guda bayan haka, Christmas Eve on Sesame Street ya sake taɓa irin wannan jigo, wanda asalinsa wani gajeren labari ne na O. Henry. Ernie ya ba da agwagwarsa ta roba don ya samo wa Bert akwatin da zai riƙa tara 'yan ƙarafansa na maƙale takarda, Bert kuma ya ba da ƙarafan don ya samo wa agwagwar mazubin sabulu da za ta riƙa zama. Mai kantin da suka yi musayar da shi, dattijo Hooper, ya gane abin da ke faruwa, ya naɗe kayan biyu ya mayar musu kyauta. Abin lura shi ne Hooper Bayahude ne, Kirsimeti ba bikinsa ba ne, shirin ma ya nuna hakan. Maƙwabci ne kawai da ya ga yara na shirin yin asara. Mu da muka tashi a unguwannin da kwanon abinci ke tsallaka katanga ranar Sallah, ya kuma dawo ranar Kirsimeti, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Yanzu ga babban. The Muppet Christmas Carol ya fito a 1992, an ɗauko shi daga littafin da Charles Dickens ya wallafa a 1843, labarin Scrooge, attajirin Landan marowaci da fatalwowi suka ziyarta cikin dare ɗaya suka nuna masa jiyansa da yau ɗinsa da gobensa. Fim ne da aka yi cikin makoki. Henson ya rasu a watan Mayun 1990 yana da shekara 53, Richard Hunt, ɗaya daga cikin manyan masu sarrafa 'yan tsanan, ya bi shi a farkon 1992, kuma su biyun aka sadaukar wa fim ɗin. Ɗan Henson, Brian, shi ya ba da umarni, karonsa na farko a babban fim, yayin da Steve Whitmire ya zura hannu cikin Kermit, ya san duk duniya za ta kasa kunne ta ji ko muryar ta yi daidai.

Michael Caine ne ya fito a Scrooge, kuma tun farko ya yanke shawarar ba zai yi wasan kamar mai raha da 'yan tsana ba, zai ɗauke su tamkar manyan 'yan wasan da ake ji da su. Kwaɗo na roƙonsa hutun kwana ɗaya, ɓeraye akawu na rawar ɗari suna neman ƙarin gawayi, shi ko murmushi babu. Kuma yana yin haka ne yana tafiya a kan 'yan katakai, domin an cire daɓen ɗakin don masu sarrafa 'yan tsanan su samu wurin tsayawa. Ɗalibanmu masu nazarin adabin Turanci su lura da Gonzo, wanda ya fito a matsayin Dickens mai ba da labari: yawancin abin da yake faɗa daga littafin aka ɗebo shi kai tsaye. Ba mu ce ku bar karatu ku dogara da fim ba, kada malami ya zo ya kama mu. A littafin abokin kasuwancin Scrooge da ya mutu mutum ɗaya ne, Jacob Marley, a fim aka mai da shi biyu don tsofaffin nan masu tsiya, Statler da Waldorf, su samu gurbi. Wanda ya rubuta biyu a jarrabawa, shi ya jiyo.

Gardamar da ta fi zafi a kan fim ɗin kuwa ta wata waƙa ce, When Love Is Gone, cikin waɗanda Paul Williams ya rubuta, mutumin da ya yi waƙoƙin Emmet. Belle ce ke rera ta, budurwar da Scrooge ya yi ta ɗaga aurensu yana cewa sai kuɗi sun ƙaru, har ta gaji ta tafi. Tsohon Scrooge na tsaye a bayanta yana kallon ranar da ya yi asararta, ya sa baki a waƙar, muryarsa ta karye. Jeffrey Katzenberg, shugaban sashen finafinai na Disney a lokacin, ya ga cewa waƙar ta yi wa yara nauyi, za su gundura, sai aka cire ta daga wanda aka nuna a silima. Aka bar ta a kaset ɗin bidiyo, don haka waɗanda suka tashi da kaset suka san ta, daga baya suka neme ta a sababbin fitowa suka rasa. An daɗe ana cewa ainihin hoton ya ɓata a ma'ajiya. Sai a Disamban 2022, da fim ɗin ya cika shekara 30, aka dawo da cikakkensa a Disney+.

Mu dai muna bayan waƙar. Idan babu ita, sai ka ga Belle ta juya ta tafi, ga ɓera Rizzo yana sharɓar kuka, ka rasa abin da ya yi zafi haka. Waƙar rufe fim ɗin ma karin wannan ta ɗauka ta juya shi zuwa murna, to me za a juya idan ba a ji na farko ba? Abin da ya fi damunmu shi ne tunanin da ke bayan cirewar, wai yaro ba zai iya zama minti uku da baƙin ciki ba. A cikinku masu karanta mu akwai marayu, akwai waɗanda aka taɓa koro su gida saboda kuɗin makaranta, akwai waɗanda suka ga iyayensu sun rabu. Ba waƙa ce za ta koya muku ɓacin rai ba, kun riga kun san shi. Kuma a fim ɗin nan dai aka bar wurin da aka nuna kujerar ƙaramin Tim babu kowa a kai, sandarsa na jingine, Kermit yana lallashin iyalinsa kan rabuwa, wurin da masoya da yawa ke jin kamar da Henson ake.

Idan aka tilasta mana jerawa, na Scrooge ne na ɗaya, amma cikakken, mai waƙar Belle. Emmet na biye da shi kafaɗa da kafaɗa, kuma akwai ɗaya a cikinmu da har yanzu bai yarda da wannan jeri ba, yana nan kan bakansa cewa bahon wanki ya fi. Na gidan gonar Fozzie shi ne na kallo tare da ƙanne, ranar da gida ya cika.

Masu ƙungiyar wasan kwaikwayo a makaranta kuma, ga aikin hutu. Ku nemi tsohuwar safa da maɓallai biyu, ku kifa tebur ku ɓuya a bayansa, ku gwada labarin Emmet da uwarsa a bakin wani kogi da kuka sani. Sai dai a nemi izinin Mama kafin a taɓa bahonta. Idan an koma makaranta, ku rubuto mana yadda ta kaya.