A Duba Hatimi, A Kuma Duba Mai Hatimi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da sababbin ma'aikata, wata al'ada ta shigo ofisoshinmu wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Takarda za ta iso ta wayar hannu, da tambarin ma'aikata a sama da hoton sa hannun babban sakatare a ƙasa, nan take a shiga aiki da ita. Alhali kuwa yaron da ya yi wata uku a shagon kwamfuta yana iya yanko wannan sa hannu daga tsohuwar wasiƙa ya manna shi a kan sabuwa. A ganina bai halatta wani ofis ya aikata da saƙon lantarki mai nauyi ba, sai ya tabbatar da abu biyu: cewa ba a taɓa saƙon a hanya ba, da cewa mai sa hannun shi ne wanda ake zato.

Wannan bukata ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Wasiƙun Sarkin Musulmi da na Waziri zuwa ga sarakuna suna ɗauke da hatimi, kuma manzo sananne ne ke kai su, domin magabata sun san hatimi kaɗai ana iya kwaikwayonsa. Malaman hadisi ma ba su karɓar magana don daɗinta, sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun auna gaskiyar kowane mai ruwaya. Abin da masana lissafi suka yi a zamaninmu shi ne mai da wannan tsohuwar ƙa'ida aikin na'ura.

A shekarar 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman a Amurka suka bayyana dabarar mabuɗi biyu, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka fito da hanyar da ake kira RSA. Mai sa hannu yana da mabuɗin sirri wanda shi kaɗai ke riƙe da shi, da mabuɗin fili wanda kowa ke iya samu. Kwamfuta takan tace saƙon duka ta fitar da gajeruwar lamba, tamkar zanen yatsansa, sa'an nan a hatimce lambar da mabuɗin sirri. Mai karɓa ya gwada da mabuɗin fili. In an canja ko da harafi ɗaya, ko an mai da naira dubu 50 ta zama dubu 500, lissafin ba zai daidaita ba. Ba a bukatar kowa ya ƙirƙiro wannan lissafi da kansa, gama akwai taskokin manhaja na kyauta, irin su OpenSSL da aka fara a 1998, waɗanda ke yin sa cikin ƙiftawar ido.

To, amma a nan ne gizo ke saƙar. Daidaituwar lissafi abu guda take shaidawa, watau mai wannan mabuɗi ne ya sa hannu. Mabuɗin na wane ne? Ɓarawo ma yana iya ƙera nasa mabuɗin ya rubuta masa sunan shugaban ƙaramar hukuma. Saboda haka aka tsara satifiket, bisa ƙa'idar X.509 ta 1988, inda wata amintacciyar hukuma ke sa hannu ta shaida cewa mabuɗi kaza na wane ne, ita ma wata ta sama da ita ta shaide ta, har a kai ga tushen da aka riga aka yarda da shi. Isnadi ke nan. Wajibi ne manhaja ta bi silsilar har ƙarshe, ta duba ko wa'adin satifiket ya ƙare, ko an soke shi, ko sunan da ke ciki ya dace da ofishin da ya aiko, ko kuma an ba da shi domin irin wannan aiki. A cikin OpenSSL akwai umurni guda da ke cewa a duba sa hannu a ƙyale satifiket. Mai rubuta manhaja kan kunna shi lokacin gwaji don ya huta, in ya manta bai kashe ba, ya bar ƙofa a buɗe da kwado rataye a jikinta.

Kada a ce wannan tsoro ne na banza. A 2011 aka kutsa cikin kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, aka fitar da satifiket na jabu fiye da 500, har da na Google, aka yi amfani da su wajen leƙen saƙonnin mutanen Iran, kamfanin kuwa ya rushe a wannan shekara. A 2014 layi ɗaya da aka maimaita bisa kuskure a manhajar Apple ya sa ana tsallake duba sa hannu. A 2022 aka gano wasu fitowar Java suna karɓar sa hannun da babu komai a cikinsa sai sifiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun mun fi kowa sanin tsadar rashin amana tsakanin talaka da takardar hukuma. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta kukan diyya, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka suka salwanta. Ba na cewa kwamfuta da ta hana wannan musiba, domin zalunci ba ya rasa hanya. Amma har gobe jerin sunayen manoma, da rabon filin noman rani, da rasit na kuɗin ruwa, takardu ne da abincin iyali ya rataya a kansu. Jerin da aka hatimce da mabuɗin jami'i, ba wanda zai cusa sunan ɗan'uwansa a ciki da dare ba tare da an gane ba, jami'in kuma ba shi da halin musanta hannunsa gobe.

Wani zai ce ina wuta, ina layin sadarwa, tun da a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya? Amsa ita ce lissafin duba sa hannu ba ya bukatar intanet, muddin akwai satifiket na tushe a cikin na'ura. Jerin waɗanda aka soke ne kaɗai ke son sabuntawa lokaci lokaci. Wani kuma zai ce manomi bai san mabuɗin fili ba. Gaskiya ne, amma nauyin a wuyan akawu yake, shi da aka ɗauka aiki don ya tsare haƙƙin manomin. Doka ma ba ta hana ba, gama Dokar Shaida ta 2011 da dokar laifuffukan intanet ta 2015 sun amince da sa hannun lantarki.

Saboda haka ina kira ga ɗaliban ilmin kwamfuta, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su jarraba manhajarsu da satifiket na jabu, da wanda ya tsufa, da wanda aka soke, su ga ta ƙi su duka kafin su ce sun gama aiki. Ku kuma sababbin ma'aikata, in takarda ta iso, ku tambayi wanda ya shaidi mai sa hannun, ko da maigida zai ɓata rai. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.