Mu daina raina masu walda

'Yan uwa ɗaliban injiniyanci na Jami'ar Jos, mu daina yi wa masu waldar Farin Gada kallon raini. A sanyin Disamban nan, ka yi wa bulok ɗin inji walda yana sanyi ƙalau, wurin zai huce da gaggawa, ya yi tauri, ya tsage. Shi ya sa gwani ke fara gasa ƙarfen zuwa wajen digiri 300, in ya gama ya binne shi cikin busasshen yashi ko toka, ya huce sannu a hankali. Mu haddacewa muke don jarrabawa, su kuwa abincinsu ke nan. Lokacin SIWES, don Allah a bar farautar ofis mai AC, a tafi gareji. Wallahi satifiket ba ya ɗinke bulok.