Haɗe Makarantun Karkara: Gudun Gara, Faɗawa Gidan Zago

A shekarar 2024, makonni kaɗan bayan sace ɗaliban Kuriga, gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana aniyarta ta ɗauke makarantu 359 daga yankunan da 'yan bindiga suka addaba, ta haɗe su da wasu makarantun da ke wuraren da ake ganin akwai tsaro. Kafin nan Katsina ta rufe makarantun kwana bayan harin Ƙanƙara a Disamban 2020, Zamfara ta bi sahu bayan Jangebe a Fabrairun 2021, Kano ma ta kulle makarantun kwana goma da ke bayan gari a cikin wannan watan. Sannu a hankali rufewa da haɗewa sun zama amsar da gwamnonin Arewa ke da ita a aljihu duk lokacin da aka taɓa makaranta. Mu a wannan ƙungiya, da yawanmu 'ya'yan makarantun karkara ne, kuma matsayinmu a fili yake: haɗe makarantu ba tare da abin hawa, da ɗakunan kwana, da ƙarin malamai, da ranar komawa gida ba, janyewar gwamnati ce daga ƙauye, ko da wane suna aka raɗa mata.

Masu goyon bayan manufar suna da hujja biyu, kuma ba za mu raina su ba. Ta farko, jami'an tsaro ba su kai yawan da za a ajiye su a ƙofar kowace makaranta ba, saboda haka gara a tara yara a wuri guda da za a iya gadi. Ta biyu, ƙaramar sakandaren ƙauye sau da yawa ba ta da malamin lissafi ko na kimiyya, ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, in an haɗe ta da babba sai yara su samu abin da suka rasa. Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba ya san hujja ta biyu tana da nauyi.

To amma mu ɗauki hujjar tsaron mu auna ta da abin da ya faru. Daren 14 ga Afrilun 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, makarantun yankin a rufe suke saboda tsoron hari. An kira ɗalibai ne daga makarantu daban-daban aka tara su wuri ɗaya domin su rubuta jarrabawar ƙarshe. A Kuriga kuwa, ranar 7 ga Maris ɗin 2024, sakandaren garin an riga an ɗauke ta daga mazauninta an mayar da ita harabar firamare saboda matsalar tsaro, kuma nan ɗin maharan suka tarar da manya da ƙanana a haɗe suka kora su daji. Darasin a bayyane yake. Tara yara wuri guda ba ya zama kariya sai in an tara tsaro tare da su. In ba haka ba, an sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ne kawai, an haɗa masa a dami ɗaya abin da da sai ya bi gona-gona kafin ya samu.

Sai hujjar inganci. A nan ne wasu 'yan bokonmu ke son buga misali da Amurka, inda wasunmu ke karatu, su ce ai ƙasar da ta ci gaba ma haka ta yi. Gaskiya ne ta yi. Wajen 1940 akwai gundumomin makarantu kimanin 117,000 a Amurka, yau ba su wuce 13,000 da 'yan kai ba. A 1959 James Conant, tsohon shugaban Jami'ar Harvard, ya yi kiran da a kawar da ƙananan sakandare, yana ganin duk makarantar da ba ta yaye ɗalibai aƙalla ɗari a shekara ba za ta iya koyar da darussa yadda ya kamata ba. Har a 2004 Jihar Arkansas ta tilasta wa duk gundumar da ɗalibanta ba su kai 350 ba ta haɗe da maƙwabciyarta.

Abin da masu buga misalin ke tsallakewa shi ne abin da ya ɗauki nauyin wannan haɗewa. Tun 1939 aka yi taro a birnin New York aka tsayar da ƙa'idojin motar ɗaukar ɗalibai, har da launin ruwan ɗorawar da aka san ta da shi. Makarantar ta yi nisa, amma bas na zuwa bakin gonar manomi da safe ya ɗauki ɗansa, ya dawo da shi da yamma, a kan titin da aka shimfiɗa da kuɗin haraji. Duk da haka ba a rabu da kuka ba. A yankuna masu duwatsu irin Birjiniya ta Yamma iyaye sun daɗe suna ƙorafin yaransu na shafe fiye da awa guda a cikin mota kafin su isa aji, kuma ƙananan garuruwa da dama da suka rasa sakandarensu sun rasa ƙungiyar ƙwallonsu, da wurin taruwarsu, da dalilin da zai sa matasan iyalai su zauna. Idan ƙasar da ke da bas da kwalta ta ji jiki haka, ina ga ƙauyen da motar kasuwa ke shiga sau ɗaya a mako, kuma hanyar da yaro zai bi ita ce hanyar da ake tare mutane?

Mu tsaya mu dubi abin da ake rufewa idan an rufe sakandaren ƙauye, domin a takardar ofis lamba ce kawai a jerin lambobi. A ƙasa kuwa rayuwa ce sukutum. Ita ce ƙararrawar da ake kaɗawa da tsohon ƙarfen mota, wadda matan gari ma ke gane lokaci da ita. Ita ce layin asambuli, da fareti, da gasar muhawara ranar Juma'a, da wasannin gidaje inda ɗan maƙeri ke tsere wa ɗan hakimi kowa ya tafa. Malamin da aka turo daga birni shi ke karanta wa tsofaffi takardar asibiti, shi ke cike wa matasa fom, shi ne mutumin farko da yaro ke gani ya ce ashe ilimi na iya ciyar da mai shi. Filin makaranta nan ake rigakafi, nan ake zaɓe, nan ake taron gari. A ƙauyuka da yawa makaranta ce kaɗai ginin da ke nuna akwai gwamnati. Ranar da aka sa mata kwaɗo, an sanar da mutanen garin, an kuma sanar da 'yan bindiga, wanda ke da iko da wurin.

Nauyin kuma ba ya faɗa wa kowa daidai. Mai hali zai kai ɗansa makarantar kuɗi a Kaduna ko Zariya. Mai ɗan'uwa a birni zai roƙa a riƙe masa yaro. Talaka tilis, wanda makarantar jeka-ka-dawo ta ba shi damar ɗansa ya yi karatu da safe ya taya shi noma da yamma, shi ne zai zauna ya lissafa kuɗin acaɓa na kullum ya ga ba za ta ɓulle ba. Ita kuwa 'ya mace, lissafinta ya fi gajarta. Uban da da ƙyar ya yarda 'yarsa ta je makarantar da yake hangowa daga ƙofar gidansa ba zai sake ta ta taka kilomitoci cikin daji ba, ba kuma zai bar ta ta kwana a garin da bai san kowa ba. Ba ma zargin sa, domin tsoronsa na gaskiya ne. Amma mun san inda labarin ke ƙarewa: zaman gida na zango ɗaya ya zama na shekara, daga nan sai a sa ranar aure. Babu takardar gwamnati da za ta rubuta cewa an kore ta daga makaranta. Za a ce an mayar da ita wata makarantar, alhali sunanta ne kawai ya tafi.

Waɗanda suka samu suka isa ma ba su tsira ba. Makarantar da ta karɓe su ajinta a cike yake tun da farko. Aka ƙaro yara ba a ƙaro benci ba, ba a ƙaro rijiya ko makewayi ba, malaman da aka ce sun biyo ɗalibansu rabinsu suna neman canjin wurin aiki. Ingancin da aka yi alƙawari ya tsaya a bakin mai magana.

Kada wani ya ce mana babu kuɗi ko babu doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, ta kuma ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi, amma shekara da shekaru ana jin jihohi sun bar rabonsu a asusu saboda sun kasa kawo nasu kason. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a Abuja a 2021. Alƙawura dai ga su nan jibge. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya ya ce a cika su.

Saboda haka ga abin da muke nema daga duk gwamnan da ya ɗauki alƙalami zai haɗe makarantu. A buga sunayen makarantun da abin ya shafa da inda aka mayar da kowace, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma. A zauna da iyaye da masu unguwanni kafin a yanke hukunci, domin su suka san wace hanya ce ke biyuwa da damina. Kada a rufe ko da aji ɗaya sai an tanadi mota da rakiya, ko ɗakin kwana mai katanga da matan da za su kula da 'yan mata. A ƙirga yaran da suka bar tsohuwar makaranta, a ƙirga waɗanda suka isa sabuwa, a faɗa wa jama'a bambancin kowane zango. Uwa uba, a rubuta sharuɗɗan komawa, domin abin da aka kira na wucin gadi ba tare da wa'adi ba, dindindin ne.

Mu kuma da muke waje muna da namu aikin. Kusan kowanenmu yana cikin zauren tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, inda ake tara kuɗin fenti da kofin gasa. Lokaci ya yi da waɗannan zauruka za su riƙa tambayar 'yan majalisar jiharsu a rubuce: makarantu nawa aka rufe a mazaɓarku, yara nawa suka koma aji, nawa aka kashe? Masu nazarin ilimi da tsare-tsare a cikinmu su mayar da wannan batu abin bincikensu, su kuma rubuta sakamakon da Hausa yadda mutanen ƙauyen za su ji a rediyo. Da an kulle makarantunmu muna aji uku, da yawancin masu karanta wannan shafi suna can suna kiwo ko suna tura baro. Ƙannenmu ba su fi mu laifi ba, kuma ba mu fi su ƙwaƙwalwa ba. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon tsare makaranta a inda take.