ZARE: Ku ƙyale ƙannenmu mata su karanta manga

1/ Jama'a, akwai wani salo da ya shigo mana. Da an ga yarinya ta duƙufa kan waya tana karanta manga na soyayya, sai a hau ta da "ta lalace", "Japanawa sun juya mata kai". Daga Rijiyar Zaki har Panisau waƙar ɗaya ce. Ni 'yar Ungogo ce, kuma yau sai na faɗi tawa. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Ga wanda bai sani ba: manga littafin labari ne na zane daga Japan. Hoto bayan hoto, maganar kowa tana cikin ɗan kewaye kusa da bakinsa. Daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar ajaminmu. Wanda ake yi domin 'yan mata masu tasowa shi ake kira shojo, kuma ma'anar kalmar ke nan: yarinya.

3/ Kai da kake zagin, tsakani da Allah, ka taɓa buɗe ko ɗaya? Ƙaninka ya kwana a kan Naruto da One Piece, ya haddace 'yan wasan Arsenal har da na benci, ba wanda ya ce masa kanzil. Amma yarinya ta karanta labarin wata mai jin kunyar wani ɗan ajinsu, sai a kira taron dangi. Haba!

4/ To bari in faɗa muku abin da ke ciki. Kimi ni Todoke na Karuho Shiina labarin Sawako ne, yarinyar da 'yan aji ke gudu saboda wai kamanninta na ban tsoro. Rabin labarin a kan yadda za ta yi ƙawaye ne, ta iya buɗe baki ta yi magana. Soyayyar kuwa tafiyar hawainiya take yi.

5/ Fruits Basket na Natsuki Takaya, wanda ya fara fitowa a 1998, labarin marainiya ce, Tohru. Uwarta ta rasu, ta koma kwana a tanti, tana aikin shara bayan an tashi daga makaranta don ta riƙe kanta. Wace unguwa ce a Bachirawa ko Gayawa babu marainiyar da za ta karanta wannan ta ji da ita ake?

6/ Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun taɓa ganin wannan rigimar. Da littattafan Hausa aka yi ta. Iyayenmu mata da yayyenmu sun sha ta a kan littattafan soyayya, waɗanda masu raini suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. A ƙarƙashin katifa ake ɓoye su, a cikin littafin lissafi ake saka su.

7/ A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan soyayya na Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Daga baya Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta ce marubuta su zo su yi rajista. Laifin da aka ɗora wa littattafan? Lalata tarbiyyar 'yan mata. Kun ji kalmar ta yi kama da ta yau?

8/ Yanzu ku duba su wa ke rubuta irin waɗannan littattafai. Hafsat Abdulwaheed, mai So Aljannar Duniya na 1980. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna. Yau sunayen nan a jami'o'i ake nazarin su, ana samun digiri da su.

9/ Ga Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala. An cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama. A makarantar yaƙi da jahilci ta koma ta nemi ilimi, sannan ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne an fassara shi zuwa Turanci, an buga a Indiya a 2012.

10/ Tambayi matan da suka taso a shekarun 1990 a kan me hannunsu ya faɗa da karatun Hausar boko. Da yawa za su ce maka a kan littafin haya ne, ana karɓa daga wannan gida zuwa wancan har bangon ya yage. Abin da aka kira lalacewa, shi ya zaunar da su suka iya karatu.

11/ Japan ɗin ma ta yi nata ƙone-ƙonen. A 1955 ƙungiyoyin iyaye sun tashi da kamfen na korar "munanan littattafai", har aka riƙa ƙona manga. A Amurka ma an ƙona littattafan zane a ƙarshen shekarun 1940. Ko'ina tsoron ɗaya ne: yaro ya samu abin karantawa wanda babba bai zaɓa masa ba.

12/ Me ya biyo baya a Japan? 'Yan matan da suka taso da karatun nan su suka karɓe alƙalamin. Kafin shekarun 1970 yawancin masu zana shojo maza ne. Sai su Moto Hagio da Keiko Takemiya da Riyoko Ikeda suka shigo suka sauya fagen gaba ɗaya.

13/ Ikeda ta fara The Rose of Versailles a 1972, labarin soyayya a tsakiyar juyin juya halin Faransa na 1789. 'Yan mata suka zo don soyayya, suka tashi da tarihi a ka. Daga baya gwamnatin Faransa da kanta ta ba ta lambar girmamawa. Wannan fa "littafin banza" ne na 'yan mata.

14/ Za ku ce: "To ai akwai marasa kyau." Ƙwarai akwai. Intanet cike yake da zanen batsa da ake liƙa wa sunan manga, kuma bai dace da yarinya ba, bai dace da yaro ba, bai dace da kai gardi mai gemu ba. Amma ba a rufe kasuwar Sabon Gari don an samu ruɓaɓɓen tumatir a kwando ɗaya.

15/ Ko a cikin fitattun ma akwai abin gyara. Hana Yori Dango na Yoko Kamio, wanda Koriya ta mayar fim da sunan Boys Over Flowers a 2009: ɗan masu kuɗi ya wulaƙanta talakar yarinya, ya sa a tsangwame ta, daga baya wai so ne. Ni ban yarda da wannan darasin ba ko kaɗan.

16/ Amma maganinsa magana ce. Zauna da ƙanwarka ka ce: "Ke, wanda ya ci miki mutunci a gaban mutane, so ne wannan?" Hirar nan za ta yi mata amfani ranar da wani ya fara zuwa zance ƙofar gida. In ka fizge wayar ka fasa, darasi ɗaya ta koya: ta ƙara iya ɓoyewa.

17/ Masu cewa "al'adar wasu ce" kuma, ku bari mana. Kano ta shekara da shekaru tana kallon finafinan Indiya, yanzu har da fassarar Hausa, jarumi yana magana kamar ɗan Fagge. Kannywood ta ɗauko rawa da waƙa daga can. Ba mu zama Indiyawa ba. Don me zanen Japan zai mayar da yarinyar Rangaza Bajapaniya?

18/ Kuma so ba daga Tokyo aka yi mana odarsa ba. Kakanninmu sun yi dandali, sun yi tashi, sun yi toshi. Yarinya mai shekara 15 tana tunanin so ko ta karanta ko ba ta karanta ba. A wasu gidajen a shekarun nan ake fara yi mata maganar miji. Ta isa a yi mata zancen aure, ba ta isa ta karanta labarin so ba? Wane irin lissafi ne wannan?

19/ Ku dubi ranar yarinyar ƙauyukanmu. Ɗiban ruwa, wanke-wanke, rainon ƙanne, makarantar boko, islamiyya, wata har da talla. Da kaka ga sussuka da casa. In ta samu rabin awa da dare, a wayar yayarta da aka kai caji shago, ta zaɓi KARATU. Mu kuma abin da ya dame mu ke nan?

20/ Kar ku manta yawancin manga da ke zuwa hannunsu da Turanci suke. Yarinyar da ke tsoron littafin Turanci na aji, ga ta tana bin babi 40 don ta ga ƙarshen labari, tana neman ma'anar kalma da kanta. Ranar jarabawar WAEC ba za a tambaye ta a ina ta koyi kalmar ba.

21/ Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne yarinyar da ta gama firamare ba ta iya haɗa jimla ba, da wadda aka cire daga aji aka ɗora mata faranti. Su ba wanda ke kiran taron dangi a kansu. Sai mai karatu ce ake sa wa ido.

22/ Yayye maza, ga aiki in da gaske kuke. Ku tambaye ta sunan abin da take karantawa. Ku karanta babi biyu. Ku duba shekarun da aka rubuta ya dace da su, yawanci ana rubutawa. A yi yarjejeniya: salla, aikin gida da na makaranta tukuna, sannan labari. Wannan ita ce tarbiyya. Tsawa kowa ya iya.

23/ In kuma ka ga tana kwaikwayon zanen a bayan littafinta, manyan idanu da dogon gashi, kar ka yaga. Sayo mata fensir da takarda. Ka ce ta zana mai hijabi, ta zana gonar gero da rumbu, ta zana layin rijiya. Muna da marubuta mata birjik a Wattpad da WhatsApp. Masu zane ne muke nema.

24/ 'Yan mata kuma, ku ma da naku: ku riƙa tacewa. In labari ya fara kai ki inda ba za ki so Inna ta leƙo ba, rufe shi, akwai dubu da suka fi shi. Kuma ki haɗa da na gida. Nemi littafin Balaraba ko na Anti Bilki, ki ga yadda aka yi wannan faɗan tun kafin a haife ki.

25/ Mai son musu bismillah, fili a buɗe yake. Sharaɗi ɗaya: ka zo da sunan manga ɗin da ka karanta da kanka, da babin da ya ɓata maka rai. In "an ce" ka kawo, ba zan amsa ba. Ku kuma masu karantawa, ku ajiye sunan wanda ya dace da 'yar shekara 14 a ƙasa, iyaye su gani.