Wa Ya Sayar Da Hirar Dare?

Duk wanda ya taɓa kwana a Mai'adua ran Lahadi ya san yadda garin yake komawa bayan kasuwa ta watse. Manyan motocin shanu sun ɗaga sun nufi Kudu, mutanen Matamaye da na Damagaram sun kama hanyar Kwangwalam, ƙura ta lafa, an sallame Isha'i. Daga nan sai teburin mai shayi ya cika. Ga dillali, ga direba, ga malamin firamare, ga ɗan kamasho, an jingina akwatin rediyo a jikin gwangwanin madara, ko kuwa wani ya ajiye wayarsa ya ƙure mata murya. A cikin gidaje ma haka abin yake, mata sun gama kwashe tuwo sun jawo tasu rediyon kusa da tabarma. Daga wannan lokaci zuwa sa'ar da barci zai ɗauki mutane, shi ne kaɗai lokacin da talaka yake da kunne biyu a buɗe da zuciya a kwance.

To jama'a, me ake zuba masa a cikin kunnen nan? Murɗa akwatin ka ji. Tasha ta farko wani ne ya sayi minti goma yana rantsuwa cewa tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ba a taɓa yin adali kamar maigidansa ba. Tasha ta biyu abokin gabarsa ne, shi ma ya biya, yana mayar masa da martani cikin habaici da zambo. Ta uku kuwa mai magani ne da kwalba ɗaya tak, wadda take warkar da basir da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa. Su waɗancan na farkon har suna aka raɗa musu, wai sojojin baka, kuma ko kaɗan sunan bai dame su ba, da shi suke cin abinci. Ka yi ta murɗawa har batir ya mutu ba za ka ci karo da mutum uku da suka zauna a natse suna tattauna littafi guda, ko wata mas'ala ta kimiyya, ko ma siyasar kanta a matsayin ilimi ba. Mu dai a nan yankin mun daɗe muna nema, abin da muke samu bai taka kara ya karya ba.

Ba haka muka taso muka tarar ba. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Iyayenmu da yawa ba su taɓa zama a aji ba, amma sun san sunan Firayim Ministan Indiya, sun san abin da ya haɗa Iran da Iraƙi faɗa, domin rediyo ce makarantarsu. A filin Hannu Da Yawa na Kaduna ana zaunar da babban mutum a yi masa tambayar da sai ya gyara zama. A Amsoshin Takardunku mutumin ƙauye yakan sayi kan sarki da kuɗin guminsa ya aika Landan yana tambayar abin da ke kawo girgizar ƙasa, a nemo masani ya amsa masa da Hausa. Ba mu ce wancan zamani ba shi da aibi ba. Gidajen rediyonmu na gida duk na gwamnati ne, yawancin shekarun kuma soja ke mulki, akwai maganar da ko giyar wake mai gabatarwa ya sha ba zai bari ta fita ba. Amma dai ana ɗaukar mai sauraro a matsayin mutum mai hankali wanda ya zo neman sani.

Da aka yi dokar 1992 wadda ta ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo, wayar hannu ta shigo a 2001, Freedom Radio ta buɗe a Kano a ƙarshen 2003, wasu tashoshin suka yi ta biyo baya har suka iso Katsina, mu marubuta har da mu aka yi murna. Muka ce yanzu kam baki ya buɗe. Ya buɗe ɗin kuwa, ba mu musa ba, talaka ya samu inda zai kai kukan rijiyar burtsatse da ta lalace da asibitin da babu magani. Sai dai abin da ba mu lissafa ba shi ne man janareto. Tasha ba ta da wuta, tallace-tallacen kamfanoni ba su da yawa a Arewa, ga albashin ma'aikata. Abin da ya rage mata ta sayar shi ne lokaci, lokacin da ya fi tsada kuwa shi ne na dare. Wa ke da kuɗi a hannu da dare? Ɗan siyasa da mai magani. Ta haka aka yanka hirar dare gunduwa-gunduwa aka kasa ta a faifai kamar tumatir.

In ka yi wa masu gidajen rediyo wannan ƙorafi amsarsu ɗaya ce: jama'a ba sa son dogon bayani, sun fi son hayaniya. Wannan magana ƙarya ce, kuma raini ne. Wanda ya faɗe ta bai taɓa zama a teburin mai shayi a bakin iyaka ba. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mun ji da kunnenmu yadda fatake ke muhawara a kan abin da ya sa sefa ta fi naira tsayuwa, da ko wata ƙungiya tana da hurumin raba Daura da Damagaram, mutanen da aure da kasuwa suka haɗa tun kafin Bature ya ja layi. Tambayoyi ne na tattalin arziki da tarihi da dokar ƙasa da ƙasa, kuma masu yin su a shirye suke su kwana suna saurare. Wa ya zauna ya warware musu? Haka aka yi ranar 29 ga Maris 2006 da rana ta yi husufi, duhu ya rufe ƙasar Katsina da hantsi. An yi salla an yi addu'a kamar yadda addini ya koyar, daga baya yara suka yi ta tambayar yadda aka yi masana suka san ranar da sa'ar tun kafin ta zo. Yau ga hamada tana cin gonaki a arewacin masarautar nan, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 an tsara ya ratsa ta Daura, duk abin tattaunawa ne da ya shafi tuwon kowa.

Kada kuma wani ya ce mana Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah tun wajen 1949 suna bayyana halittu da Hausar da ɗan aji uku zai gane. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Harshen bai gaza ba, masu shi ne suka yi lalaci.

Za a ce ai ana karanta littattafan Hausa a rediyo, har mata ba sa yarda filin ya wuce su. Gaskiya ne, mun kuma gode wa masu karantawa, sun kai littafi inda ɗan tebur bai kai shi ba. Amma karatu daban, tattaunawa daban. A karanta maka labari daga farko har ƙarshe, a rufe da gaishe-gaishe, ba wanda ya tambaya ko marubucin ya yi wa matar da aka saka a labarin adalci, ko ƙarshen ya dace da farkon, ko ma daga fim ɗin Indiya aka kwaso shi. Mai sauraro ya ƙoshi da labari, amma ba a taɓa nuna masa cewa yana da ikon ya ce wannan littafi bai yi ba, ga kuma dalili.

Mu tuna da abin da ya faru a shekarun 1990. Da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa suka cika kasuwa, an tafka muhawara mai zafi a kansu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya musu. Muhawara ce mai amfani ƙwarai, amma a shafukan jarida aka yi ta, wani babban kaso ma da Turanci. Matan aure da 'yan mata da ke sayen littattafan nan suna ba juna aro, su da ake ta magana a kan tarbiyyarsu, ba wanda ya ji ta bakinsu, su ma ba su san ana yi ba. Da aka zo aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007, mutane da yawa sun ɗauka daidai ne, domin abin da suka taɓa ji game da marubuta shi ne masu ɓata yara ne. Da a ce shekara goma kafin nan ana zama kowane mako a rediyo ana rarrabe musu tsaki da tsakuwa, da wuya a kunna ashanar nan cikin sauƙi haka.

Yanzu bari mu juyo kanmu, 'yan uwa marubuta, domin laifi tudu ne. Mun taɓa ɗaukar ƙafa mu je wata tasha da shawarar a buɗe filin adabi. Aka karɓe mu da fara'a, aka ba mu ruwa, sannan aka miƙo mana takardar farashi, daidai da wadda ake miƙa wa mai maganin basir. Muka fito muna fushi. Amma bayan 'yan watanni wani mai gabatarwa mai kirki ya ba mu rabin sa'a kyauta, to me muka yi da ita? Minti goma na farko muka gaishe da shugabannin ƙungiya na ƙasa da na jiha da iyayen gida. Minti goma na biyu muka yabi littafin junanmu, kowa fasihi, kowa haziƙi, alhali biyu daga cikinmu ba su karanta littafin da suke yabo ba. Sauran lokacin muka yi kukan rashin tallafin gwamnati. Ba a sake kiranmu ba, kuma wallahi ko mu ne masu tashar ba za mu sake kira ba. Ashe mu ma sojojin baka ne, bambancin kawai ba a biya mu ba.

Jiran na waje su yi mana kuwa ya ƙare. Hukumomin Nijar sun dakatar da Rediyon Faransa a 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, a watan Maris na 2025 kuma Muryar Amurka ta yi tsit saboda wata takarda da aka sa wa hannu a Washington. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci ya san yadda yake kwana ran da aka yi faɗa.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Sa'a ɗaya a mako, bayan Isha'i, mutum uku da mai gabatarwa, da sharaɗin kowa ya karanta abin da za a tattauna, kuma a cikinsu lalle a samu wanda bai yarda ba. Masana ba su yi mana nisa ba, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-ma, ga kwalejin nan ta Daura mai ɗauke da sunan Yusufu Bala Usman. Shi marigayin da malaminsa Abdullahi Smith sun yi shekaru suna tuhumar yadda ake ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin tarihin asalin Hausawa. Mu da muke shan ruwa kusa da Kusugu, an taɓa zama a gabanmu an baje hujjojin kowane ɓangare cikin ladabi, dattawan fada su faɗi nasu, malaman jami'a su faɗi nasu? Ko kuwa ana ganin kanmu ba zai ɗauka ba? Haka nan a gayyato likita da malamin gona da mai gyaran sola, a kuma buɗe waya ga mutanen ƙetaren iyaka, tun da iskar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Maganar kuɗi kuwa, mu daina yi kamar ba mu da shi. Abin da muke kashewa a bikin ƙaddamar da littafi guda, hayar zaure da kujeru da lemo da maroƙi, don a tara manyan baƙi da za su sayi kwafi su jefa a bayan mota, zai sayi makonni da dama na wannan fili. Muna roƙon a sa batun a ajandar taron reshe mai zuwa, a kuma yanka wa kowane memba abin da zai kawo. Mun ma zaɓi littafin da za a fara da shi: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya yi nasara a gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya, labarin attajirin da ya yi dukiya da fasa-ƙwauri. A karanta shi a Mai'adua, a kira direba da ɗan kasuwa da tsohon jami'in kwastan su faɗa mana inda marubucin ya yi daidai da inda ya yi kure. Duk memban da yake son a ba shi makirufo a daren, ya zo da kwafinsa a hannu, za mu tambaye shi abin da ya faru a babi na ƙarshe tun a bakin ƙofa.